Kukan Farko: Tarihin Yadda Likitocin Duniya Suka Koya wa Juna Ceton Numfashin Jariri

 

A fitowar bana mun ga ya dace mu ɗan jingine tarihin sarauta da na kasuwa da aka saba karantawa a wannan shafi, mu waiwayi tarihin wani abu da tsawonsa bai wuce minti ɗaya ba, amma babu ɗayanmu da bai ratso ta cikinsa ba.

Duk wanda ya tashi a garinmu ya san wannan zama. Maza na zaure sun yi jugum, ana jan carbi, mata na ɗaki tare da ungozoma, kunnen kowa na wuri ɗaya. Idan kuka ya tashi sai guɗa ta biyo baya, a yi hamdala, a aika yaro ya faɗa wa dangi. Idan kuwa shiru ya yi tsawo, sai a ga tsohuwa ta fito tana gyara mayafi, ta ce da maigida ya yi haƙuri, bai zo da rai ba. Sunaye irin su Ajuji da Ayashe da Barmani, waɗanda har yau muke kiran wasu kakanninmu da su, shaida ce ta yawan iyayen da suka sha wannan ɗaci sau da dama.

Malamanmu na fiƙihu ma sun ba wannan kuka matsayi babba. Wanda ya karanta Risala a zaure ya san cewa a mazhabar Malikiyya kukan da jariri ya tsala bayan faɗowarsa shi ne shaidar cewa ya zo da rai, kuma a kansa aka rataya hukuncin yi masa salla da na gado. Ba su yi kuskure ba, domin alamar da ido da kunne ke iya tabbatarwa ke nan. Abin da ilimin likita ya ƙaro daga baya shi ne, tsakanin shirun jariri da mutuwarsa akwai 'yar tazara, kuma a cikin wannan tazara zuciyarsa na nan tana bugawa, tana jiran iska.

Bayanin abin ba shi da wuya. Muddin ɗa na cikin mahaifiyarsa huhunsa cike yake da ruwa, iskar oksijin kuwa ta cibiya take zo masa. Da zarar ya faɗo dole huhun ya kori ruwan, ya buɗe, ya karɓi iska. Mafi yawan jarirai da kansu suke yin haka. Kusan ɗaya cikin 10 na bukatar taimako, kuma galibinsu abin da suke bukata bai wuce a tsane su da ƙyalle mai tsabta a murza musu baya ba. Tsakanin 3 zuwa 6 cikin 100 sai an hura musu iska a huhu. Waɗanda ke bukatar danna ƙirji ko allura ba su kai ɗaya cikin 100 ba. Doguwar naƙuda, wadda muka sani sarai a ƙauyukanmu, tana cikin manyan abubuwan da ke sa jariri ya fito a galabaice har ya kasa jan numfashin farko.

Lalube cikin duhu

Kada wani ya ɗauka iyayenmu na zaune ne hannu biyu. Ungozoma kan yayyafa wa jariri ruwan sanyi, ko ta riƙe ƙafafunsa ta zazzage shi, ko ta ɗan mare shi, wasu kuma a buga musu tasa kusa da kunne. Turawa ma hakan suka yi ta lalube shekaru aru-aru. A 1774 aka kafa wata ƙungiya a Landan domin ceto waɗanda ruwa ya ci, inda aka yi ta gwada zuga-zugi irin na maƙera wajen hura iska, har da hayaƙin taba. A shekarun 1820 wani likitan haihuwa na Landan, James Blundell, ya riƙa zura siririn bututun azurfa a maƙogwaron jariri yana hurawa da bakinsa, abin da ya yi kusa da gaskiya ƙwarai, sai dai bai samu mabiya da yawa ba. Hanyar da ta fi karɓuwa a ƙarshen ƙarni na 19 ita ce ta wani Bajamushe mai suna Schultze, wadda ake riƙe jariri ta kafaɗu a wulwula shi sama da ƙasa. An koyar da wannan a manyan makarantun likita na Turai shekaru masu yawa. Saboda haka idan za mu yi wa tsohuwar da ke buga tasa dariya, sai mu haɗa da farfesoshin Jamus.

Gyara ya fara ne daga ido, kafin hannu. Virginia Apgar likitar sa barci ce a wani asibitin jami'ar Kolambiya da ke birnin Niyok. Ta lura cewa da zarar an haihu hankalin kowa na komawa kan uwa, jaririn da ya fito a sanƙame kuwa sai a ajiye shi gefe a ce ba zai yi rai ba. A 1952 ta gabatar da wani ma'auni mai sauƙi, aka buga shi a 1953: a duba bugun zuciya, da numfashi, da ƙarfin gaɓoɓi, da motsin da yake yi idan an taɓa shi, da launin fata, kowanne a ba shi maki daga sifiri zuwa 2, jimla 10, kuma a yi hakan minti ɗaya bayan haihuwa. Ma'aunin bai warkar da kowa ba, amma ya tilasta wa wani ya tsaya a kan jariri ya dube shi a daidai lokacin da dubawar ke da amfani. A 1956 kuma, a ƙasar Denmak, likita Henning Ruben da injiniya Holger Hesse suka ƙera jakar roba mai cika kanta da iska idan an matsa an saki, wadda ma'aikatan asibitocinmu ke kira Ambu har gobe. Ba ta bukatar wuta, ba ta bukatar tulun gas.

Duk da haka sai a 1987 Amurka ta samu tsayayyen kwas na ƙasa baki ɗaya kan farfaɗo da jarirai, wanda ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ta shirya tare da ƙungiyar likitocin zuciya. Kwas ɗin ya bazu zuwa ƙasashe sama da ɗari, likitocin Amurka na tafiya suna koyarwa, na wasu ƙasashe na zuwa suna koyo. Matsalarsa ɗaya ce: an ɗinka shi ne daidai jikin asibitin da ke da wuta dare da rana, da oksijin a bango, da likita a kowane lokaci. Ungozomar da ke aiki ita kaɗai da tocila a baki ba ta cikin lissafin.

Abin da Indiya ta koya wa malamanta

A nan ne tarihin ya juya, domin ɗalibi ya fara gyara wa malami karatu. Tun shekarun 1940 likitocin Turai da Amurka suka ɗauka cewa yawan oksijin alheri ne tsantsa, suka yi ta ɗura wa bakwaini shi a cikin kwalba. Zuwa 1953 yara kusan 10,000 sun makance a duniya ta dalilin haka, kuma wata likita a Melbon ta Ostareliya, Kate Campbell, na cikin waɗanda suka fara gano sanadin a 1951. An rage oksijin a kwalba, amma a ɗakin haihuwa an ci gaba da farfaɗo da jarirai da zallarsa, ana ganin ba a yi sai da shi. Wannan imani ya cutar da ƙasashe matalauta ta wata fuska: inda babu tulun oksijin sai ma'aikaci ya ga ba shi da abin yi.

Wani farfesa ɗan Norwe, Ola Saugstad, ya daɗe yana zargin cewa iskar da muke shaƙa, wadda kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne, ta wadatar. Gwada hakan a Turai ya yi wuya, don haka ya haɗa kai da likita Siddarth Ramji na birnin Delhi, suka buga sakamakon farko a 1993. A 1998 aka fitar da babban gwaji kan jarirai sama da 600, akasarinsu a ƙasashe masu tasowa. Waɗanda aka hura wa iskar Allah ba su gaza waɗanda aka ba zallar oksijin ba, har ma sun riga su yin kukan farko. Sai a 2010 aka sauya ƙa'idar duniya, aka ce jaririn da watanninsa suka cika a fara masa da iska kawai. Wato asibitocin Landan da Boston sun sauya aikinsu bisa abin da aka gano a ɗakunan haihuwa na Indiya.

Darasi na biyu daga ƙauye ya fito. Abhay Bang da matarsa Rani Bang likitoci ne da suka yi karatu mai zurfi a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, suka komo gida suka zauna a Gadchiroli, ɗaya daga gundumomi mafi talauci a jihar Maharashtra. Ganin cewa kusan duk haihuwa a gida ake yinta, sai suka zaɓi matan ƙauye masu ɗan karatu, suka koya musu halartar haihuwa tare da ungozomar gargajiya, da ɗumama jariri, da gane alamun cuta, da hura iska ga wanda bai yi numfashi ba. Sun yi aikin a ƙauyuka 39 suna kwatantawa da wasu 47, kuma rahoton da suka buga a 1999 ya nuna mutuwar jarirai ta ragu da kashi 62 cikin 100. Manyan likitoci da dama sun yi tsaki a lokacin, suna ganin an miƙa aikin likita ga wanda bai cancanta ba. Daga baya gwamnatin Indiya da kanta ta ɗauki tsarin kula da jariri a gida ta shigar da shi cikin aikinta.

'Yartsana daga Norwe, gaskiya daga Haydom

Akwai wani ɗan kasuwa a garin Stavanger na Norwe, Asmund Laerdal, wanda sana'arsa buga littattafan yara da ƙera 'yartsana ta roba. Ɗansa Tore ya taɓa faɗawa ruwa yana ƙarami, uban ya tsamo shi ya farfaɗo da shi. Da likitoci suka nemi wanda zai ƙera musu mutum-mutumin koyon hura numfashi baki da baki, sai ya karɓi aikin, a 1960 ya fitar da wadda aka sa wa suna Resusci Anne. Shekaru hamsin bayan haka, yaron nan da aka tsamo daga ruwa shi ne ya jagoranci kafa reshen kamfanin da ba na neman riba ba, domin ƙera kayan koyarwa masu araha ga ƙasashe irin namu. Ikon Allah ke nan.

Abin da suka ƙera 'yar jaririyar roba ce mai suna NeoNatalie. Ana naɗe ta a jaka, idan za a yi darasi a cika ta da ruwan ɗumi sai ta yi nauyi da laushi kamar ɗan mutum. Malami na riƙe da wasu 'yan ƙwallayen roba a ɓoye, idan ya matsa sai ƙirjinta ya motsa ko cibiyarta ta harba. Idan ɗaliba ta ɗora marufin jaka daidai a kan hanci da baki, ta ɗan ɗaga haɓa, ta matsa, sai ƙirjin ya tashi. Idan ta yi kuskure ba zai tashi ba. Gani ya kori ji.

Da wannan 'yartsana aka ƙaddamar da shirin Helping Babies Breathe, wato taimaka wa jarirai su yi numfashi, a watan Yunin 2010. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ce ta shirya shi da shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya da wasu abokan aiki, Susan Niermeyer ce babbar editarsa, an kuma gwada shi tun kafin ƙaddamarwa a ƙasashe irin su Kenya da Pakistan da Indiya da Tanzaniya, ana gyarawa bisa ƙorafin ungozomomin can. An rage rubutu, an yawaita hoto. Duk darasin yana kan allo guda mai launi uku, kore da rawaya da ja. An kira mintin farko da suna mintin zinariya, kuma abin da ake so a cikinsa a bayyane yake: a tsane jariri sosai, a cire jiƙaƙƙen ƙyalle a rufe shi da busasshe, idan bai yi kuka ba a share masa hanyar iska in wani abu ya toshe ta, a murza bayansa, idan har yanzu shiru, a fara hura masa iska da jaka kafin mintin ya cika, kusan sau 40 a minti, ana kallon ƙirji. Babu ruwan sanyi, babu zazzagewa, babu mari. Ɗalibai biyu-biyu suke zama, ɗaya na yi ɗaya na dubawa, kuma wanda aka koya wa shi zai je ya koya wa na ƙasa da shi.

Tanzaniya ce ta fara rungumar shirin a matsayin aikin ƙasa, tun watan Satumban 2009, a asibitoci takwas, ƙarƙashin likita Georgina Msemo ta ma'aikatar lafiya. Rahoton da aka buga a 2013, wanda ya shafi haihuwa kusan 80,000 bayan horon, ya nuna cewa mutuwar jarirai a cikin awa 24 na farko ta sauka daga 13.4 zuwa 7.1 cikin kowace haihuwa 1,000, raguwar kashi 47 cikin 100. Amma adadin da ya fi tsaya mana a rai shi ne na biyu. Yawan jariran da ake rubutawa an haife su ba rai ya ragu da kashi 24 cikin 100. Mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Babu horon da ke tayar da matacce. Ma'anar wannan adadi ita ce, wani kaso na waɗanda ake naɗewa a ce ba su zo da rai ba, da ransu suka zo, shiru kawai suka yi, ba a samu mai hura musu iska ba. Ba mu faɗi haka don mu tayar wa wata uwa tsohon miki ba, kuma ba laifin kowa ba ne abin da bai sani ba. Ajali na hannun Allah, amma Shi ne kuma Ya umarce mu da neman magani.

Ɗaya daga asibitocin nan takwas shi ne na Haydom, asibitin mishan da 'yan Norwe suka kafa a 1955 a wani ƙauye mai nisa a arewacin ƙasar. A can wata likita 'yar Stavanger, Hege Ersdal, da abokin aikinta ɗan ƙasar, Estomih Mduma, suka yi abin da ba a cika yi ba: suka sa mutane su tsaya a ɗakin haihuwa dare da rana da agogo a hannu, suna rubuta daƙiƙar da aka yi kowane abu. Sun gano cewa duk jinkirin daƙiƙa 30 wajen fara hura iska na ƙara haɗarin mutuwa ko doguwar jinya da kashi 16 cikin 100. Sun kuma gano abin da bai yi wa masu shirin daɗi ba. Watanni bayan kwas na yini ɗaya, ma'aikatan na cin jarrabawa a kan 'yartsana da kyau, amma a gaban jariri na gaske aikinsu bai sauya ba. Takardar shaida na rataye a bango, hannu kuwa bai koya ba.

Maganin da suka samo ba ya cin kuɗi. Suka ajiye 'yartsanar a kan teburi cikin ɗakin haihuwa, suka ce kowace ungozoma ta riƙa taɓa ta na 'yan mintoci a kai a kai, sababbi na koyo daga tsofaffin hannu, ana kuma yin bita ta gajeren lokaci a wurin aiki. A shekarar da ta biyo baya mutuwar awa 24 ta sauka daga kusan 11 zuwa 7 cikin 1,000. Wannan tsari na kaɗan-kaɗan kullum ya shiga bugu na biyu na littafin shirin a 2016, kuma har asibitocin Norwe sun ɗauke shi. Shirin ya kai ƙasashe sama da 80.

Bakwaini da kwalbar ruwa

Jaka na ceton wanda bai fara numfashi ba. Bakwaini matsalarsa daban ce: yana numfashin, amma da ƙyar, yana nishi, haƙarƙarinsa na lotsawa. A 1959 Mary Ellen Avery da Jere Mead na jami'ar Harvard suka gano cewa huhun bakwaini ba shi da wani sinadari mai santsi da ke hana 'yan jakunkunan iska mannewa bayan kowane numfashi. Ciwon bai san gidan sarauta ba: a watan Agustan 1963 ɗan shugaban Amurka John Kennedy, wanda aka haifa saura mako biyar da rabi, ya rasu bayan awa 39 a hannun manyan likitocin Boston. A 1971 George Gregory na San Faransisko ya nuna cewa idan aka riƙa tura iska a hankali ba yankewa, huhun na zama a buɗe. Cikin jarirai 20 da ya gwada wa, 16 sun rayu. Wani likita a jami'ar Kolambiya, Jen-Tien Wung, ya sauƙaƙa abin da 'yan bututu biyu a hanci da tiyo da aka tsoma bakinsa a kwalbar ruwa. Zurfin tiyon a ruwa shi ne ma'aunin ƙarfin iskar, santimita 5 ko 6, ɓulɓular ruwan kuma ita ke shaida cewa abin na aiki.

A wancan lokaci na'urar kamfani na kai wa dala 6,000. Malamai biyu na jami'ar Rice a Amurka, Rebecca Richards-Kortum da Maria Oden, da ɗalibansu, sun zauna da likitoci da ma'aikatan jinya na asibitin Sarauniya Alisabatu da ke Blantyre a Malawi, suka haɗa wata da famfon da ake sa wa kifin ado iska, aka raɗa mata suna Pumani da harshen Chichewa. Rahoton likita Kondwani Kawaza na 2014 ya nuna kashi 71 cikin 100 na jariran da aka sa wa sun rayu, a kan kashi 44 na waɗanda aka ba oksijin kawai. A Daka ta Bangaladash kuma likita Mohammod Chisti, wanda ya ga na'urar a Melbon, ya komo ya haɗa tasa da robar sabulun wanke gashi domin yara masu ciwon namoniya, a 2015 ya ba da rahoton mutuwar kashi 4 a kan kashi 15.

Sai dai akwai gargaɗi, kuma wajibi ne masu son sayo na'ura su ji shi. A 2019 an buga sakamakon wani gwaji a asibitin gundumar Salima, a Malawin dai, kan yara masu namoniya, a wurin da babu likita mai duba su kullum. Waɗanda aka sa wa na'urar sun fi mutuwa, kashi 17 a kan kashi 11, har aka tsayar da gwajin. Na'urar na son mai share hanci, mai duba tiyo, mai lura da cikin yaro, awa bayan awa.

Mu fa?

Nijeriya ba ta zauna a baya ba. Daga 2008 ƙungiyar likitocin yara ta ƙasa, da tallafin wata ƙungiyar agaji ta coci daga Amurka, ta fara horar da masu horarwa kan farfaɗo da jarirai, daga baya kuma darasin mintin zinariya ya shiga kwas ɗin kula da jarirai na ma'aikatar lafiya ta tarayya. Likitocin Asibitin Ƙasa na Abuja sun haɗa tasu na'urar mai kwalbar ruwa da kayan da ke hannu, suka buga bayaninta a 2013. A 2019 aka kafa ƙawancen NEST360 tsakanin jami'o'in waje da asibitocin Kenya da Malawi da Tanzaniya da Nijeriya, wanda ke haɗa na'ura da horon ma'aikata da na masu gyara. A 2023 Farfesa Hippolite Amadi ya ci babbar kyautar kimiyya ta Nijeriya saboda na'urorin numfashin jarirai masu aiki da hasken rana.

Amma alƙaluma ba su yi mana daɗi ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna jarirai 39 cikin 1,000 na mutuwa kafin su cika wata ɗaya, na 2023 zuwa 2024 kuma ya nuna 41, alhali burin duniya shi ne a sauko zuwa 12 nan da 2030. A yawan jariran da ake rasawa kowace shekara muna cikin ƙasashen da ke kan gaba a duniya. Binciken 2018 ya kuma nuna cewa a Arewa maso Yamma matan da ke haihuwa a asibiti ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Ilimin ya iso Abuja da asibitocin koyarwa na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri. Tazarar da ta rage ita ce tsakanin waɗannan birane da ɗakin da ƙanwarmu za ta durƙusa a cikinsa da ƙarfe biyun dare, musamman mai cikin fari da aka kai goyon ciki gidan iyayenta.

Mu da ke birni, matanmu na zuwa awo, suna haihuwa a inda akwai kwalba da janareto, shi ya sa idan aka zo maganar taimakon gida hankalinmu kan tafi ga abin da ake gani daga bakin titi: katanga, fenti, allo mai ɗauke da sunan wanda ya ba da gudummawa. Ba mu raina ko ɗaya ba. Amma jakar hura iska da marufinta biyu, na cikakken jariri da na bakwaini, da 'yar robar zuƙe majina, da 'yartsanar koyo, gaba ɗayansu ba su kai kuɗin saniyar da muke yankawa a taron shekara ba. Abin da ya fi su tsada shi ne abin da Haydom ta gano, wato mai tsayawa a kan maimaitawa. Daga cikin 'ya'yan garin nan akwai likitoci da ungozomomin asibiti da malaman jinya da ke aiki a manyan asibitoci, waɗanda wasunsu sun yi wannan kwas, wasu ma suna koyar da shi. Idan Banorwe zai bar Stavanger ya je ya zauna a Haydom, bai kamata tafiyar awa huɗu ko biyar ta gagare mu ba. Ungozomomin gargajiya kuma kada a ture su gefe, domin su ake fara kira. A koya musu tsanewa da murza baya da ɗumamawa, da barin ruwan sanyi, da gane naƙudar da ta wuce ƙarfinsu tun da sauran lokaci a nemi mota.

Muna roƙon kwamitin lafiya na ƙungiya ya sa wannan batu a ajandar taron da ke tafe. Kafin nan, duk wanda Allah Ya kai shi gida hutun Salla, ya daure ya leƙa ɗakin haihuwa na asibitin garinmu, ya gaishe da ma'aikatan da mutunci, sannan ya tambaye su ko suna da jakar. Idan sun ce akwai, ya nemi ganin inda take, ko a rataye kusa da gadon haihuwa, ko a kulle a ofis mabuɗin na aljihun wanda ya tashi aiki. Ya tambayi ranar da aka wanke ta, da ranar ƙarshe da mai aikin dare ta gwada ta da hannunta, ya rubuto amsar ya miƙa wa sakataren reshensa kafin ranar taro.